Hatimin Jarida a Gidan Ɗori

Bana ruwa ya yi jinkiri. Kullum da la'asar hadari kan taso daga gabas, ya yi baƙi har kaji su fara neman wurin kwana, sai iska ta zo ta watsa shi, a bar mu da gumi da ƙurajen zafi. Jiya ina zaune ƙofar gida ina kallon wani hadarin yana watsewa, iska na kawo mini ƙanshin ƙasar da aka yi wa ruwa a wani garin da ba namu ba, sai na tuna wata bazara da ta wuce shekaru masu yawa, lokacin gemuna bai gama fitowa ba.

Shekarar ta biyo bayan fari. A daminar da ta gabace ta, gero ya fara fid da kai ke nan ruwa ya ɗauke, muka tashi da kara. Rijiyoyin fadama suka ja baya, albasar da muke taƙama da ita a ƙasar Aliero ta fito ƙanana kamar ƙwan zabo. Kafin zafi ya kankama, yawancin rumbunan ƙauyenmu, Kashin Zama, an share su da tsintsiya. Ga shi kuma azumi ya faɗo a tsakiyar bazara. Yanzu in rana ta yi tsanani akan aika a sayo ƙanƙara a leda, wasu ma suna da fanka mai aiki da hasken rana. A lokacin randa ce kawai, da jiƙaƙƙen tsumma a ka. Sahur kunun dusa ne, in an yi sa'a da ɗan tsamiya. Buɗa-baki ruwa ne da aduwa, sannan tuwon jar dawar agaji da miyar kuka wadda ba ta ga mai ba. Mutum ya ci ya tashi kamar bai ci ba.

Mahaifinmu ya riga ya rasu, gandu yana hannun wana, Yaya Garba. Ni ne Ummaru, ƙaraminsu. Mahaifiyarmu, Inna, ita ke riƙe da abu guda da yunwa ba ta taɓa ba, wato irin shuka. Ta zuba gero a tulu, ta gauraya da toka, ta liƙe bakin da laka, ta tura ƙarƙashin gadonta. Ko ranar da jikokinta suka kwana suna kuka ba ta dubi wajen tulun ba.

Yaya Garba shi ne ɗan farinta, saboda haka tana kunyarsa irin ta mutanen da. Ba ta kama sunansa, ba ta kallonsa ido da ido. In tana da magana da shi, ni take kira, ko da yana zaune a gabanta, ta ce in gaya wa wancan kaza da kaza. Shi ma ta bakina yake mayar mata. Haka na tashi na gan su, ban taɓa jin abin ya zama baƙo ba.

Da abinci ya yanke, Yaya ya shiga dakon albasa a wurin da ake loda motocin Jega. Mutum ne mai ƙarfi, amma yunwa da azumi sun riga sun ci rabinsa. Wata rana yana kan katako da buhu a kai, ƙafa ta zame, ya faɗo, buhun ya bi shi ya danne ƙwaurinsa na dama. Waɗanda ke wurin suka ce sun ji ƙarar kamar an karya busasshen kara.

Aka ɗauke shi a amalanke zuwa gidan wani tsoho mai ɗori a cikin Aliero, ana ce masa Baba Nomau. A yau akan fara zuwa asibiti a ɗauki hoton ƙashi kafin a kawo wa masu ɗori. Baba Nomau yatsunsa ne hotonsa. Ya shafa, ya yi tofi, ya sa ƙarti biyu suka riƙe Yaya, ya ja ƙafar har na juya baya don ba zan iya kallo ba. Ya shafe ta da man shanu, ya jera fararrun sanduna, ya naɗe da tsumma. Da ya gama ya ce karayar mummuna ce, ƙashin ya tsage ta tsawo. In aka bar shi ya kwanta zai haɗe lafiya. In kuwa aka taka shi kafin lokaci, to ko dai ƙafar ta gajarce har abada, ko ta rube daga ciki, shi kuma daga nan ba ruwansa.

Yaya ya ce ya ji. Amma ni na san wana. Bai yi mako a kwance ba na dawo daga ɗebo ruwa na tarar da shi ya dafa gungumen rumfa yana gwada miƙewa, wai yana so ya ga ko ta fara kamawa. Hankalinsa duk yana kan tulun Inna. Iri ɗaya gare mu, ba na biyu. Yana tsoron a yi yayyafin da ke ruɗin mutane, in ɗauki zumuɗi in zuba irin a ƙasar da ba ta sha ba, rana ta ƙone shi. Ya sha faɗa mini cewa ranar da aka yi ruwan shuka, ko a kan jaki ne sai an kai shi gona ya tona da hannunsa. Baba Nomau ya yi faɗa, na yi magiya, duk a banza.

Majinyata suna kwance ne a wata doguwar rumfa ta zana, kowa da tabarmarsa da mai jinyarsa. Da hantsi ya ɗaga, zafi kan sauko ta rufin kamar ana zuba shi. Warin man shanu da gumi, ƙudaje, nishi, sai ƙarar mafici. Ba mai ƙarfin hira kafin la'asar, in ban da mutum ɗaya, maƙwabcin Yaya a shimfiɗa, wani direba ɗan Jega mai suna Altine. Motarsa ta kife da shi a hanyar Maiyama, hannunsa na dama ya karye biyu, an ɗaure masa shi a ƙirji. Bakinsa kuwa lafiya lau. Ya sa wa Yaya suna Mai Albasa, Yaya kuma yana ce masa Kifau. Tun safe suke tsokanar juna har a kira magariba.

Wata rana abokan aikin Altine suka kawo masa ƙilishi a naɗe cikin shafin jaridar Hausa. Ya raba wa rumfa duka, kowa ya sami ɗan abin da zai tsotsa bayan shan ruwa. Takardar ta rage a gefena. Na yi 'yan shekaru a firamare kafin a cire ni don noma, ina iya karatun boko a hankali, ina bin layi da yatsa. Da na miƙar da ita na ga wani zane mai gidaje ƙanana, wasu farare wasu baƙaƙe, da tambayoyi a gefe. An rubuta wasa ƙwaƙwalwa a sama. Altine ya taɓa ganin irinsa, shi ya bayyana mana: kowace tambaya amsarta kalma ce, kowane harafi da gidansa, wasu kalmomin su tafi gefe, wasu su gangara ƙasa, inda suka gamu kuma dole harafin ya zama ɗaya. Akwai kalmomi biyar dogaye da aka yi wa gidajensu kauri. Can ƙasa kuma, su kaɗai, ba su haɗu da kowa ba, ga wasu gidaje huɗu, an rubuta a gefensu: ka dubi kawunan dogayen kalmomin nan, a ina ake samunsu?

Na samo guntun fensir wurin wani mai shago. Na riƙa karanta tambaya da ƙarfi, rumfa na ba da amsa, ni kuma ina ƙirga gidaje in ga ko ta shiga. Abin da aka fara da wasa sai ya kama mutane. Wani tsoho da ƙugunsa ya goce, wanda ba mu taɓa jin muryarsa ba, shi ya fara samo doguwa ɗaya. Tambayar ta ce abin shimfiɗa da ake saƙawa da kaba, ya ce tabarma, ta kuwa zauna daram. Yaya da farko cewa ya yi aikin banza ne na waɗanda ba su da gona. Amma da aka zo kan maganar ƙasa-ƙasa ta wanda ransa bai so ba, Altine ya ce wannan ai a tambayi Mai Albasa, sana'arsa ce tun da aka kawo shi. Yaya ya harare shi ya ce gunaguni. Na ƙirga, ta shiga. Daga ranar shi ke fara cewa in ɗauko takarda.

Muna cikin haka Inna ta zo dubiya, ta taho da ɗan garin kunu da 'yan'uwanta na Sarandosa suka aiko mata. Ta tsaya bakin rumfa. Abin da ta gani shi ne ni a durƙushe kusa da karyayyar ƙafa, bakina na motsi, ina lasar fensir ina saka harafi ɗaya-ɗaya cikin gidaje. Ta yafuto ni waje, ta tambaye ni wane malami ya ba ni wannan aiki. Na ce mata wasa ne na jarida, babu malami a ciki. Ta dube ni kamar na raina mata hankali. Ta ce tun ba a haife ni ba take ganin hatimi a allunan malamai, gida-gida haka, kowane gida da harafinsa, kuma ta san masu irin wannan aiki ba su faɗin sunansa. Na rantse mata, na nuna mata tabon man ƙilishi, ta ce takarda dai takarda ce. Sannan ta ƙara da cewa hatimin da aka buɗe a kan marar lafiya ba a barinsa a buɗe, kuma wanda aka buɗe dominsa ba ya barin wurin sai an rufe. Ban san inda ta samo wannan ba. Daga baya na tambayi malamai fiye da ɗaya, babu wanda ya san da shi.

Ta shiga rumfar, ta gaida majinyata, ta juya fuskarta wajen zana, bayanta na kallon ɗanta.

"Ummaru, gaya ma wancan, in ni na haife shi, kar shi aza ƙafar nan ƙasa sai an cika gidan ƙarshe na wagga takarda."

Yaya ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Ya dubi takardar, ya ga an kusa cin rabinta, a ransa aikin yini ɗaya ne ya rage.

"Gaya mata na jiya. Na yi alkawari."

"Shi ce da bakin azumi."

"Da bakin azumi, Inna."

Na buɗe baki zan sake yi mata bayani, Altine ya miƙo ƙafa ya taka mini yatsa. Ya ce, "Bar Inna, ta fi mu gani." Bayan ta tafi rumfa ta yi ta dariya, Yaya ya fi kowa.

Dariyar ba ta daɗe ba. Ƙananan kalmomin sun ba mu wuya fiye da yadda muka zata, don mai jaridar da alama mutumin gabas ne, wani abin sunan da yake kiransa daban da namu, sai mun yi ta juyawa. Ga karatuna na tafiyar hawainiya. Ga Altine, wanda tun daga ranar ya zama alƙali ba wanda ya naɗa shi, kowace amsa sai ya yi gardama a kanta. Duk da haka a hankali dogayen suka fito. Fatake da dabbobinsu a kan hanya, ayari. Dabbobin da ake ɗaura wa sirdi, dawaki. Ƙasar da sarki ke riƙe da ita, masarauta. Muka wayi gari komai ya cika, sai gidaje huɗun nan na ƙasa. Amsar tana cikin jaridar mako mai zuwa, mu kuwa ba mu da mai kawo mana ita.

Dawaki, masarauta, tabarma, ayari, gunaguni. Yaya ya haddace su kamar karatun allo. Wani ya ce Kano, tunda komai akwai a can. Aka yi dariya. Yaya ya yi tunanin yini guda ya ce fada. Na ƙirga, harafi huɗu cif. Na tsayar da fensir, don na san abin da zai biyo baya in na rubuta. Altine ya ce a dakata. Ya yarda akwai dawaki a fada, akwai tabarmi, gunaguni ma ba a rasa shi wurin fadawa. Amma yaushe ayari ya zama kayan fada? Sannan an ce kawunansu, to a nuna masa kan tabarma, yana so ya ga ko tana da kunnuwa. Yaya ya zage shi tas. Amma mutum ne da ba ya son abin da bai zauna ba, ko ɗaurin dami ne sai ya kwance ya sake. Da kansa ya ce in bari, ba ita ba ce.

Kwanaki suka yi ta tafiya a haka. Azumi ya shiga goman ƙarshe. Leɓuna sun tsage, idanu sun faɗa. Da rana ba abin da ke motsi a garin sai ungulu a kan mahauta. Nakan je gida in ga Inna da matar Yaya suna dakan dusa, in dawo da abin da ya samu. Hadari yakan haɗu ya watse, kamar dai na bana. Duk ranar da aka yi gajimare Yaya ba ya cin abin kirki, sai ya kwanta yana kallon rufin rumfa yana maimaita kalmominsa biyar.

Ranar da ruwan ya zo ba wanda ya sa rai. Tun azahar iska ta tsaya cak, zafi ya kai inda mutum ke jin numfashinsa na ƙona masa hanci. Bayan la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin, aka yi wata tsawa da ta sa awaki gudu, sai ga shi kamar da bakin ƙwarya. Rufin rumfa bai riƙe komai ba. Muka yi ta jan majinyata da tabarminsu zuwa zauren Baba Nomau, muna jiƙe sharkaf, wasu na kabbara, wasu na dariya, ga azumi a baki ba damar buɗe shi a tari ko ɗigo. Ƙanshin ƙasa ya cika ko'ina. Ruwan bai tsagaita ba sai dab da magariba.

Muna shan ruwa Yaya ya ce in je in nemo jaki, gobe da asuba za a kai shi gona. Na ce ba zan nemo ba. Wannan ne karo na farko da na ce masa a'a tun da na yi wayo. Ya dube ni, na tuna masa da bakin azumi. Ya fizgi takardar daga ƙarƙashin matashi, ya yi ta jefo kalmomi, duk wadda ta zo bakinsa mai harafi huɗu, Altine na cewa a kawo dalili. Da ya gaji ya ajiye takardar. Can ya kira ni kusa, ya ce to in saurara da kyau. In na isa gida kada in taɓa tulu sai na tona a tsakiyar jigawa, ba a gefen kwari ba. In danshi bai wuce wuyan hannuna ba, in rufe ramin in dawo, ko da duk garin na shuka. In ya wuce, gero a jigawa, kada in cika hannu, dawa sai an ƙara ruwa, wake da guna kuma da saura. Ya maimaita har na haddace.

Na fita bayan sallar asuba. Fensirin yana aljihuna. Ba zan ce da gangan na tafi da shi ba, ba zan kuma ce mantuwa ce ba.

Hanya duk mutane, kowa da sungumi a kafaɗa, mata da ƙoƙuna. Shinge, garar nan mai tashi bayan ruwa, ya fito, fukafukansa sun rufe ƙasa, ana ta tara shi a ƙwarya don buɗa-baki. Na isa jigawa na durƙusa na tona. Ƙasar sanyi, tana kama yatsu. Na yi ta zurawa har laka ta kusa gwiwar hannuna ban taɓo busasshiya ba. Na koma gida da gudu na nuna wa Inna hannun. Ta jawo tulun, ta fasa lakar da bakin muciya.

Ni ke sara da sungumi, Inna da matar Yaya na bina suna jefa iri suna rufewa da diddige. Gonar gandu ba ƙarama ba ce, mu uku ba za mu gama ta kafin ƙasa ta sha iska ba. Da hantsi ya yi, ƙishirwa ta fara shaƙe ni, sai na hango mutane na tahowa ta kan iyaka. Maƙwabtanmu ne da suka gama nasu, ba wanda ya kira su. Tun Yaya na kwance ya hana a yi masa zancen gayya, don ya ce ba zai tara mutane a gonarsa ba shi da ko furar da zai ba su. Na faɗa wa babbansu haka, cikin jin kunya. Ya ce, "Kowa nan da azumi a bakinsa. Mi za ka ba mu?" Ya tofa yawu a tafi ya kama sara. Kafin la'asar an rufe ramin ƙarshe.

Abin da ya faru a gidan ɗori a wannan yinin, Altine ne ya ba ni labari. Ya ce tun da na fita Yaya bai yi magana da kowa ba. Yana kwance idonsa a rufe, yana lissafa abin da za a shuka da inda za a shuka shi, ya bar wannan ya koma kan kalmominsa, ya sake komawa kan iri, har suka cakuɗe masa a baki. Wajen hantsi sai aka ji yana jan su a hankali, yana yanke su. Dawa, ki. Masara, uta. Ya buɗe ido. Ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya, sannan ya fashe da wata dariya da ta sa Baba Nomau leƙowa. Ya miƙa wa Altine takardar ya ce ya samo gawayi ya rubuta. Altine ya nuna masa ɗaurarren hannunsa. Yaya ya ce ya yi da hagu. Altine ya ce Allah ya kiyaye shi da sa hannun hagu a hatimin Inna.

Akwai wani malamin firamare a maƙwabta da kan shigo bayan azahar ya gaida majinyata, kullum da biro a aljihun gaba. Ya shigo ranar ma. Altine ya ce shi kansa ya sadaƙar, ya san magana ta ƙare. Malamin ya tsaya kan Yaya ya yi masa sannu, ya tambayi ƙafa. Yaya ya amsa, ya dubi biron, ya dubi ƙofa. Takardar na ƙarƙashin cinyarsa. Har malamin ya fita bai ciro ta ba.

Na iso dab da magariba, ƙafafuna sun yi nauyi da laka. Ban wanke hannun ba, don na san abin da zai fara tambaya. Na nuna masa inda lakar ta bushe ta tsaya. Ya kama hannun ya juya shi, ya tambayi wa da wa suka zo, na lissafa masa. Ya saki hannun. Sannan ya ce in ɗauko takarda in rufe wutsiyar kowace doguwar kalma da yatsa, in karanta abin da ya rage. Na yi. Dawa. Masara. Taba. Aya. Guna. Kwana da kwanaki ina kallonsu, ni na rubuta su da hannuna, ban gani ba. Ashe kan kalma mai jaridar ke nufi, farkonta, ya ɓoye abin shuka a bakin kowace ɗaya.

"To a ina aka samun su?" in ji Yaya.

Na ce gona. Na ƙirga gidajen, huɗu. Altine ya ce wannan karon ba shi da ta cewa. Na laluba aljihu na ciro fensir ba da son raina ba, don firi, wato noman farko, na nan tafe, kuma na san ba zai iya jin ana noma yana kwance ba.

"Mayar da shi aljihu," in ji Yaya. "In anka rubuta yau, gobe ba ni da abin da za shi riƙe ni. Na san halina."

A gidan ɗori ya yi sallah. Ruwa ya zauna, tafasa da rama suka fito, aka fara samun abin kwaɗo, fuskokin mutane suka ɗan ciko. Mutanen nan dai su suka taya ni firi, wannan karon Inna ta dama musu kunu da abin da ya samu, ba wanda ya raina. Altine ya riga Yaya warkewa. Ranar da zai tafi na raka shi bakin hanya na tambaye shi tun yaushe ya gano amsar yake ɓoyewa. Ya ce wallahi shi bai taɓa ganowa ba, har Mai Albasa ya faɗa. Aikinsa kawai ya ce a'a. Na yi dariya muka rabu. Ban yi masa godiyar da ta kamace shi ba, ina ganin za mu sake gamuwa a tashar Jega, sai labarin rasuwarsa na ji bayan shekaru. Allah ya jiƙansa, ya saka masa.

Sai da gero ya kai gwiwa Baba Nomau ya ce a kwance ɗori. Ƙafar ta fito siririya, fatar na saɓulewa kamar ta maciji. Ya miƙar da ƙafafun biyu, ya haɗa diddige da diddige, ya daɗe yana dubawa, ya ce sun yi daidai. Yaya ya ce a dakata kafin ya taka. Ya sa na zana masa haruffan nan huɗu a ƙasa da tsinke, manya-manya, ya karɓi fensir ya kwaikwaye su cikin gidajen da hannunsa, yana gumi kamar mai huɗa. Iyakar bokon da ya taɓa rubutawa ke nan a duniya. Inna na tsaye bayan zana, aka miƙa mata takardar, ta duba ta ga ba gidan da ya rage, ta naɗe ta a bakin zane. Ban sake ganinta ba.

Sannan ya dafa kafaɗata, ya sauke ƙafar a hankali, ya ɗora mata nauyi kaɗan-kaɗan. Na ji yatsunsa sun nutse a kafaɗata. Ya tsaya. Ya ɗaga hannun daga jikina, ya ci gaba da tsayuwa shi kaɗai.

Bayan 'yan kwanaki aka kai shi gona a kan jaki. Da muka isa kan iyaka ya ce a sauke shi, ba zai shiga gonarsa a bisa dabba ba. Ya karɓi sanda ya shiga cikin geron yana takawa sannu, raɓa na jiƙa masa wando, ni ina biye ina jiran ya ga laifin aikina. Ya kai tsakiyar jigawa ya tsaya, ya dubi gabas ya dubi yamma. Sai ya jingine sandar a jikina, ya sunkuya a kan ƙafafunsa biyu, ya cire wata ciyawa da ta tsere wa fartanya, ya kakkaɓe ƙasar saiwarta a gindin geron.

Da wannan ƙafar ya yi noma damina talatin da wani abu, ba ta taɓa hana shi kai ƙarshen kunyar gona ba. Alhamdu lillahi.